Wutsiyar Kifin Ustad Inayat

A layin maƙera na Sargodha, duk sifirin babbar mota da ya fito daga hannun Ustad Inayat Masih yana ɗauke da ɗan tambarin kifi, an buga shi da guduma a jikin ƙarfen. Tambarin mahaifinsa ne, kuma direbobi ba sa karɓar aiki sai sun shafa sun ji shi. A wancan zamani ana sanin mutum da alamarsa.

Wata rana da hantsi Lala Zarin Gul, tsohon direba mai jigilar gishirin dutse, ya dire masa karyayyen sifirin a gaba.

"Ustad, kifinka ya sake cin ƙarfena. Ba ka ba shi abinci ne?"

"Kai da ke ɗora wa mota rabin dutse? Zauna ka sha shayi, Lala, bakinka ya huta."

Amma da Inayat ya juya bakin karayar sai ya ƙura masa ido. Rabinsa sumul ne, da zane-zane kamar bayan katantanwa, alamar tsaga ta daɗe tana rarrafe, duk gargada tana ƙara mata kaɗan. Sauran kaca-kaca, inda ƙarfen ya gaji ya ɓalle gaba ɗaya. Ya bi zanen da farce har tushensa: daidai tsinin wutsiyar kifin.

Ya ɗauko ɗan'uwan sifirin da bai karye ba, ya shafa masa kananzir, ya goge, ya barbaɗa alli. Can sai ga wani siririn layi kamar gashi ya fito daga wutsiyar.

"Motocin zamanin Baba ba sa ɗaukar irin kayanku," in ji shi a hankali.

"To ka daina bugawa mana."

"In daina? Wa zai san aikinmu ne?"

Lala ya ajiye kofi. "Hanyar nan gangara ce, Ustad. Ni ke saman ƙarfen nan, ba kifinka ba."

Washegari Inayat ya mayar da tambarin can ƙarshen sifirin, inda ƙarfe ba ya lanƙwasa, inda kuma maɗauri ke rufe shi ruf. Direbobi suka shafa ba su ji komai ba, waɗansu suka koma wajen wasu maƙera. Bai bi kowa da bayani ba. Har ƙarfinsa ya ƙare yana buga kifin a inda ido ba ya kaiwa.