Motar da Na Jawo Ƙofar Gidan Kawu

Shekarun baya, lokacin da na fara samun abin hannu a Abuja, na sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Kujera biyu ce kacal a ciki. Idan ka taka ta, kafin ka gama bisimilla ta bar unguwa. A lokacin gani nake duk Jigawa ba wanda ya kamo ƙafata.

A danginmu akwai wata al'ada. Duk wanda ya sayi mota, sabuwa ko ta hannu, sai ya kai ta Kazaure wajen Kawu, yayan mahaifiyata. Kawu ya daɗe yana tuƙin haya tsakanin Kazaure da Babura, daga baya ya koma gyara, har ciwon ido ya raba shi da gani. Kunnensa kuwa yana nan garau. Za a buɗe masa bonet, ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya yi shiru. Sannan ya faɗi abin da ke damun motar, ya yi addu'a Allah ya sa a kashe lafiya. Direbobin tasha ma har gida suke biyo shi. Abin da ke fito da shi ƙofar gida kullum ke nan.

Ranar da na kai tawa, unguwa ta cika. Kawu ya fito da fara'a, ya shafa ta tun daga fitila har baya.

Ya ce, "Kai, wannan ai ƙasa take lasa. Buɗe min mu ji me take cewa."

Na buɗe ba da son raina ba. Da na ga ƙarfen nan ya nufi injin, sai na riƙe masa hannu. A gaban jama'a na ce, "Kawu, ku bari. Wannan ba irin taku ta da ba ce, kwamfuta ce take duba ta."

Kawu ya janye hannunsa a hankali, ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Ya lalubi bango ya shige gida. Ni kuwa, don tsabar wauta, na ci gaba da nuna wa samari yadda rufin yake buɗewa da kansa.

Bayan kamar wata ɗaya mahaifiyata ta kira ni. Ko gaisuwata ba ta tsaya amsawa ba.

Ta ce, "Yaya ya daina fita. Direbobi in sun zo, sai ya aiko a ce su je wajen kwamfuta. Daga masallaci sai ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Kai ka shigar da shi, kai za ka fito min da shi."

Na taho Kazaure da shadda da turare, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya karɓa, ya sa albarka, ya ce, "Ba komai, ɗana. Ai gaskiya ka faɗa, zamani ya wuce mu." Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Na fito, shi kuma bai fito ba.

Wani abokina a Babura na kai wa kukana. Ya ja ni bayan gidan wani dattijo, ya nuna min wata doguwar mota irin wadda direbobin haya na da suke ji da ita, irin ta Kawu sak. Tayoyinta sun lotse, kaji har ƙwai suke yi a kujerar baya. Na saye ta, aka sa mata tayoyi, aka jawo ta da igiya har gindin darbejiyar da ke kusa da tagar Kawu. Na aika a gaya masa ga mara lafiya na kawo. Amsa ta dawo cewa a kai ta gareji.

Taurin kai ya motsa, na ce ni zan gyara ta. Ni da ko tayar motata ban taɓa canzawa ba. Na sayo batir da sababbin filogi na ɗaura da kaina, na wanke kafireta ina kallon bidiyo a waya. Wuni na farko ko tari ba ta yi ba. Wuni na biyu da hantsi na murza makulli, sai ta yi wani harbi kamar bindiga, awakin unguwa suka watse. Na sake murzawa, ta sake harbawa. A murzawa ta uku na ji ƙarar sanda a zaure.

"Wane mara imani ne yake azabtar da baiwar Allah nan?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

"Na sani. Matsa."

Ya miƙa min sandar, ya zura hannu cikin injin ba tare da lalube ba. Ya cire wayoyin filogin duka huɗu ya mayar da kowacce gurbinta, yana ƙirgawa a hankali. Ya ɗan murɗa wani abu a jikin kafireta, ya ce in tayar. Ta yi tari sau biyu, ta yi nishi, ta kama. Kawu ya karkata kai yana saurare, fuskarsa tana sakewa kaɗan-kaɗan.

Ya ce, "Ka ji ko? Wannan in tana ciwo faɗa maka take. Taka kuwa sai ta kunna maka wata 'yar fitila ta yi gum, kamar sabuwar suruka. Akwai sauran aiki, kawo min tabarma."

Na juya baya kamar ina neman tabarmar, don hawaye ne suka cika min ido.

Mako uku muka yi a kanta, duk hutuna ya tafi a nan. Kafin mu gama, direbobi sun dawo suna layi. Ranar da muka fara fita da ita, Roni muka nufa, yana gefena yana gaya min lokacin canza giya. A hanya ya yi dariya ya ce, "Ka ɗauka ban gane dabararka ba? Mutum ya juya waya biyu, a ce kuskure ne. Amma huɗu duka? Da gangan ka yi don in fito. Yaron da zai wuni biyu a rana yana ɓata mota saboda kawunsa, ai ya cancanci yafiya."

Har yau ina son mota mai gudu, ba zan yi ƙarya ba. Amma waccan jar motar ba ta taɓa buƙatar kowa a danginmu ba, ni ma da na zauna a cikinta sai na ɗauka haka nake. Tsohuwar kuwa kullum tana neman hannun wani, kuma a wajenta na gane cewa dattijo ya fi son a zo masa da buƙata a kan a zo masa da shadda. Yanzu ranar Asabar har daga Kano samari masu son tsofaffin motoci suke zuwa gindin darbejiyar nan, Kawu yana tsakiyarsu yana faɗa.

Duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin ɗan ƙanwarsa mai wayo, wanda ya juya wayoyi huɗu da gangan. Ni dai murmushi nake yi in sunkuyar da kai. Ban taɓa gaya masa ba, iyakar iyawata ke nan na yi.