Amurkar da Muka Kafa a Ɗaki Ɗaya

Mu shida ne a ɗakin nan na unguwar Al-Jaradiya, duk 'yan ci-rani a ƙasa mai tsarki, da gadaje uku na ƙarfe masu hawa biyu, da mukayyif ɗaya, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai tari kamar tsohon mashayin taba. A cikin wannan akurkin muka kafa gwamnatin Amurka. Ban ƙara gishiri ba.

Wanda ya kawo mana ita wani direban gida ne da muke kira Farfesa. Kowace shekara sai ya je shagon intanet a Batha ya cika cacar bizar Amurka, har aka zo aka cire 'yan Najeriya daga cacar, amma shi bai fasa haddar tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa ba. Mutumin da fasfonsa ke kulle a durowar kafilinsa, wato ubangidan da ya kawo shi aiki, kuma ko Makka ba ya zuwa sai an ce masa "yalla, je ka", shi ne ke zaunar da mu ranar Juma'a yana koya mana 'yanci.

Rigima kan juya mukayyif da wanke tukunya ce ta ba shi ƙofa. Ya ce matsalarmu rashin tsari. Waɗanda suka kafa Amurka, in ji shi, sun ɗanɗana mulkin sarki, sai suka rantse ba za su sake tara iko a hannun mutum ɗaya ba. Suka raba shi uku: majalisa ta yi doka, shugaba ya zartar, kotu ta fassara, kowa na riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa. Ya rubuta mana namu a bayan kwalin ruwa, ya manna a ƙofa. Mutum biyu suka zama majalisar wakilai, biyu dattawa, shi shugaban ƙasa. Ni kuwa, don na taɓa yin masinja a wata kotu a gida, aka naɗa ni alƙalin alƙalai har mutuwa, don wai haka ake yi a can. Na yi dariya, amma na karɓa. Ban ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi.

An ce zanen aro ba ya rufe katara. Amma fa tukunya ta riƙa wankuwa, sai muka ɗauka mun waye.

Ana nan ɗaya daga cikin dattawanmu ya koma gida, aka kawo mana wani tsohon tela ɗan Damagaram a madadinsa. Ya gaji kujerar majalisa, ya gaji gadon sama. Gemunsa fari tas, gwiwarsa ta dama ta kumbura saboda shekarun da ya yi a kan keken ɗinki. Buri ɗaya ya rage masa: ƙafar ta kai shi aikin Hajjin bana, wanda ya yi shekaru yana ɗagawa. Kullum muna kallonsa yana hawa tsanin nan mai matakai huɗu, yana hutawa a na biyu, yana cije leɓe.

A garinmu wannan ba abin magana ba ne. Ka ga furfura na hawa tsani kana kwance a ƙasa, ai kafin ka yi tunani jikinka ya tashi. Amma mu yanzu muna da doka ta uku a jikin kwali: gadon mutum mallakinsa ne, ba a taɓa shi sai da dokar majalisa. Masu gadon ƙasa kuwa mu uku ne, duk da ƙarfinmu: ni, da Farfesa, da wani mai fenti da ke majalisar wakilai.

Wani lebura ɗan Maradi, abokin zaman mai fenti a wakilai, shi ne ya kasa jurewa. Bayan sallar Juma'a, muna kewaye da faranti, ya gabatar da ƙuduri: mafi ƙarancin shekaru cikin masu gadon ƙasa ya hau sama. Mai fenti ya lissafa ya ga ba shi ba ne, ya ɗaga hannu. Dattawa suka amince. Takarda ta isa gaban shugaban ƙasa, wanda, kamar yadda kowa ya sani, shi ne ƙaraminmu.

"Na hau kujerar na-ƙi," in ji Farfesa, yana suɗe yatsa. "Ba don kaina ba, wallahi. Don kare tsarin mulki."

Ya bayyana mana cewa ana iya ture na-ƙin da kashi biyu cikin uku na kowace majalisa. A majalisar mutum biyu, wannan na nufin duka biyun. Kafin Juma'a ta zagayo, an raɗa wa mai fenti cewa in aka fara taɓa gadaje, nasa ne na gaba. Ranar ƙuri'a ya ce cikinsa na ciwo, ya shige banɗaki.

"Ku bari, 'ya'yana," tsohon ya ce. "Mafi mushkila, ba matsala. Ai motsa jiki ne." Shi kunyarsa na nan daram. Tamu ce muka miƙa wa kwali ya riƙe mana.

Ɗan Maradi bai haƙura ba, ya kawo ƙara kotu. Wato gabana. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma na daɗe ina hango na Farfesa, to ga nawa. Ina zaune a kan gadona na ƙasa na saurari ƙarar. Tsohon na tsaye, ya dafa tsani. Na gyara murya, na ce kotu ba ta yin doka, fassara kawai take yi, kuma in alƙali ya shiga hurumin majalisa to an koma mulkin sarki. Na mayar da magana majalisa. Farfesa har tafa mini ya yi, ya ce ko a Washington sai haka. Na ji kaina ya yi girma, Allah ya yafe mini.

Majalisa ta ce ta yi nata. Shugaba ya ce doka ce ta ba shi dama. Kotu ta ce ba huruminta ba ne. Kowa ya fita fes, tsoho ya ci gaba da hawa.

Wata Juma'a da rana, an kira la'asar, yana saukowa daga ƙailula gwiwar ta ƙi ɗaukarsa a mataki na uku. Ƙarar faɗuwarsa ba ta da yawa, don ba shi da nauyi. Ƙugu ya karye. Bayan asibiti kafilinsa ya ce halas, wato an gama, telan da ba ya iya zama ba shi da amfani, ya buga masa bizar fita ta ƙarshe, ya koma gida ke nan. Saura wata biyu Hajji.

Kwana tara ya yi a ɗakinmu yana jiran jirgi. Ranar da aka shigo da shi, mu ukun nan muka miƙe a tare, kowa na cewa a kwantar da shi a nasa. Ba a kira zama ba, ba a ɗaga hannu ba, ba wanda ya kalli kwali. Ihu bayan hari. Nawa ne kusa da ƙofa, sai aka sa shi a nan.

Da ya zage ni, da na samu sauƙi. Amma kullum da safe, in na sauko daga sama zan tafi aiki, sai ya kama hannuna.

"Allah ya yi maka albarka, Alƙali. Ka takura kanka saboda ni."

"Ba komai, Baba," nake cewa, ina neman takalmina.

Kuma gaskiya ba komai ɗin ne. Na duba agogo ranar da na yi ƙaurar. Ɗauke filo da bargo na jefa su sama bai ci minti biyu ba.