Goggo Yagana da Kifin Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Goggo Yagana a Gashuwa da hawaye a fuska ya san abin da ya tarar. Ba tabarma za ta shimfiɗa maka ba, ba ruwa za ta kawo maka ba. Taɓarya za ta miƙo maka! Turminta kullum yana nan a gindin bishiyar maina da gero a ciki.

"Wushe, wushe, sannu 'yar nan. Me aka yi miki? To, riƙe nan. Ki faɗa mini kina dakawa, ina jin ki."

Ni Hadiza 'yar ƙaninta ce. A hannunta na tashi tun daga yaye har na gama sakandare, sannan na koma gidan mahaifina a Nguru, don haka babu wanda ya kai ni shan wannan magani. Na faɗi jarrabawa, na daka. Ƙawata ta yi gulmata, na daka. Ranar da akuyata ta mutu kuwa har surfe sai da na yi. Kuma abin haushin, wallahi yana aiki. Za ki fara kina shessheƙa, kafin geron ya yi laushi gumi ya wanke hawayen, yunwa ta taso, kin ma manta inda kika tsaya a labarin.

Ba wai ba ta san baƙin ciki ba ne. Ta binne miji, ta binne 'ya'ya biyu, su ke nan kuma Allah ya ba ta. Takan ce mini, "Da na zauna, da tuni na bi su. Abin nan in ya same ki a zaune, hawa kanki yake yi. Ki tashi ki yi salla, ki share tsakar gida, ki leƙa bakin kogi ki gaisa da mutane. In kin dawo kin tarar yana nan, to ga turmi."

Sai da na yi wayo na lura cewa duk unguwar nan Goggo ce kaɗai ba ta kai niƙa inji. Wata safiya na ga ta fito ƙofar gida tana leƙe-leƙe, sai maƙwabciyarmu ta gaishe ta.

"Goggo, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ku fa? Babu wata damuwa a gidan naku?"

"Babu ko ɗaya, alhamdu lillahi."

"Kishiyar damuwa ma babu? Ɗan ɓacin rai haka?"

"Wallahi babu, Goggo."

Ta dawo ciki tana ƙunƙuni. "Unguwa guda kowa lafiya! To yau wa zai yi mini surfe?"

To, matar nan da ta warkar da rabin Gashuwa, ita ce ta yi shekara da shekaru ba ta yi wa ƙaninta magana, wato Babana. A kan me? A kan kifi. Kuma a bikina aka yi.

Bandar kifi ce sana'arta. Tun biki yana da nisa ta fara ware manyan tarwaɗa da karfasa, ta yi musu banda da hannunta, ta hana kowa taɓawa. Ta iso Nguru da kwanduna a saman mota, ta shiga gida tana rangaɗa guɗa. Sai me? Sai ta tarar da mata sun kewaye katan-katan na kifin ƙanƙara suna wankewa. Baba ne ya sa aka kawo daga Kano. A Nguru fa, inda kifi yake bin mutum har ƙofar gida! Nan take ta katse guɗar. Ta ɗaga guda ɗaya ta wutsiya, ta juya shi, ta shinshina.

"Wannan gawar daga wane gari aka kawo ta?"

"Alhaji ne ya saya, Goggo."

Ta mayar da kifin cikin katan. Ta zauna aka gama biki, ta raka ni ɗakina, ta yi mini nasiha, ta bar mini kwandunan ta koma Gashuwa. Daga ranar ta rufe baki da shi. Sallamarsa dai tana amsawa, don ta ce ba za ta shiga wuta a kan kifi ba. Amma da magana ta wuce gaisuwa sai ta juyo wajena, ko da yana zaune a gabanta.

"Hadiza, faɗa wa ubanki ya rage cin goro."

Shi ma Baba da taurin kan gidan. "Faɗa wa Yaya na ji."

Haka na zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke kan tabarma ɗaya. Dangi suna dariya, ni kuwa abin yana cin raina. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, dukansu sun manyanta, kuma kullum tsorona kada a wayi gari ɗaya ya tafi a haka.

Abin mamaki, babu kalmar da Goggo ta tsana irin "anjima". Idan kika ce anjima za ki wanke kwano, kafin ki rufe baki ya sauka a cinyarki. Mijina Isa kuwa tela ne, kun dai san tela da "gobe". Ta taɓa zuwa mana kwana biyu a Nguru, ta tarar da ƙofar banɗakinmu ta karkace, ƙusa ɗaya ke riƙe da ita, sai an ɗaga an jingina.

"Ɗan nan, ƙofar nan fa?"

"Wani satin, Goggo, in sha Allahu."

"In sha Allahun gaske, ko ta teloli?"

Ya yi dariya ya fice. Washegari da safe ya ɗauki buta ya nufi banɗaki, sai ya tsaya cak. Babu ƙofa! Goggo ta cire ta, ta ɗora a kan bulo biyu, ta shanya kuɓewa a kai. Ga ta kuma ta dasa kujerarta a tsakar gida, daidai saitin banɗakin, tana jan carbi.

"Goggo, ina ƙofar?"

"Ga ta can tana aiki. Ai na ji ka ce sai wani satin za ka neme ta."

Bawan Allah da gudu ya yi masallaci da butarsa. Kafin hantsi ya dawo da kafinta. Ranar na yi dariya har cikina ya ƙulle, amma da yamma na ce mata, "Goggo, gidan Baba fa layi ɗaya ne tsakaninmu. Mu leƙa mana." Sai ta ce ƙafarta tana ciwo. Matar da ta ciro ƙofa da hannu ɗaya!

Sulhu kuwa ita ce gwana. Wani zuwa da na yi Gashuwa, na tarar maƙwabtanta biyu, Hajja Fanna da Ladidi, sun daina ga maciji a kan kazar da ta ci shanyar shinkafa. Har yara an hana wasa tare. Goggo ta aika wa kowacce a ɓoye cewa bayanta ya riƙe, a zo a taya ta daka. Suka shigo suka yi arba da juna, kowacce ta kau da kai tana shirin juyawa. Goggo ta tare ƙofa, ta miƙa musu taɓarya ɗai-ɗai. Turmi kuma ɗaya ne.

Wanda ya san lugude ya san in ba ki kalli hannun abokiyar dakanki ba, ba za a kai ko'ina ba. Ɗaya tana ɗagawa, ɗaya tana saukewa. Su kuwa kowacce ta juya fuska gefe. Ƙwas! Taɓare suka haɗu a sama, gero ya watse, kaji suka yo kansa.

"Ku ci gaba," in ji Goggo daga kan kujera. "Geron tsohuwa ne kuke zubarwa, wadda ba ta da mai noma mata."

Kunya ta sa dole suka dubi juna. Sannu a hankali hannu ya daidaita. Can sai Hajja Fanna, wadda tun tana budurwa take ji da kanta a daka, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Ladidi ta ce ai ba a fi ta ba, ta cilla tata ta tafa sau biyu, taɓarya ta kuɓuce ta faɗa cikin randa. Dariyar da suka yi har sai da suka riƙe juna. Tare suka fita, suna zagin kazar.

Na ce, "Goggo, in kawo miki Baba ku yi lugude?"

"Namiji ba ya daka."

"To ku yi magana mana."

"Wannan daban ne. Ke yarinya ce."

Yarinyar da a lokacin ta yaye ɗa na biyu.

Sai ga abin da nake tsoro ya ƙwanƙwasa ƙofa. Hawan jini ya kayar da Baba a shagonsa. Aka sallamo shi daga asibiti bakinsa ya ɗan karkace, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa sosai, kuma ya ƙi abinci ƙememe. Kunu ma sai ya kau da kai. Yana ramewa muna gani. Na kira Goggo a waya na faɗa mata.

Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. Akwai kifi a kan wuta, bari in kwashe. Jibi ina tafe."

Ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. "Jibi, Goggo? Wallahi in ya rasu kafin jibin nan, kada ki ba ni saƙo, don ban san inda zan kai masa ba!"

Sai ta ce, "Kashe wayar nan, kina ƙona kati."

Kafin la'asar sai ga ta a ƙofar gidan Baba da kwando a ka, takalma ma wari da wari ta sako. Ba ta shiga ɗakinsa ba, madafa ta wuce. Ta yi burabusko, ta yi miyar bandar tarwaɗa, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta. Ta ɗauki kwanon da kanta ta shiga. Abokan kasuwar Baba suna zaune sun zo dubiya, ni ina bakin gado. Ta tsaya ta dube shi, kamar za ta yi masa magana. Amma hali fa, sai ta juyo.

"Hadiza, faɗa wa ubanki..."

Na miƙe. "Goggo, yau na ajiye aikin." Na yi wa baƙin alama da ido, muka fito duka, na ja ƙofa. Kada ku ce mun tafi. Dattawan nan da gemunsu, tare muka laɓe a gindin taga.

Muka kasa kunne. Sai muka ji ta.

"Kai, Kan Tarwaɗa! Tashi ka ci."

Ɗaya daga cikin alhazan ya toshe bakinsa da hula. Ashe sunan da take kiransa ke nan tun yana yaro, saboda faɗin ƙeyarsa. Ni kaina ban taɓa ji ba.

Muryar Baba ta fito da ƙyar. "Yaya, akwai gishiri? Likita ya hana."

"Likitan ne ya goya ka, ko ni? Buɗe baki."

Muka ji ƙarar cokali. Ya ci, ya ƙara. Can ya ce, "Yaya, kifin nan na bikin Hadiza. Cewa aka yi mini bayanki yana ciwo. Na ce kada in bar ki a bakin wuta kina shan hayaki. Hutar da ke na so in yi."

"Shi ne duk shekarun nan ka kasa faɗa?"

"Kin tsaya kin ji?"

Sai ga Goggo tana kuka, kuka sosai, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Cikin kukan take cewa, "Ni na ɗauka raina sana'ata ka yi, ka zama Alhajin birni. Ashe wauta ce kawai! Ai da na sani da ban yi fushi ba. Wauta kam tun kana tsirara na san ka da ita."

Baba yana dariya da rabin baki, mu muna dariya a waje muna share ido. Daga baya na ɗanɗana ragowar miyar. Ko ƙwayar gishiri babu a ciki.

Ta zauna a Nguru har ya fara takawa da sanda. Bayan nan kuma sai suka hana mu sakat, kullum suna kan waya suna musu, wai waye ya fasa tulun mahaifiyarsu, wai waye ya fi wani tsufa a fuska. Allah ya ba su wasu 'yan shekaru a haka.

A daminar bara Goggo ta kwanta, ciwon bai ja ba. Baba yana gefenta, suka yafi juna baki da baki, ba wanda ya neme ni. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a ƙofar gidanta yana karɓar gaisuwa, jama'a suna ta zuwa, Alhaji sai haƙuri, Alhaji Allah ya jiƙanta. Da mutane suka ragu ya shigo ciki yana dogara sanda, ya zauna kusa da ni, ya dube ni.

"Kin ji su, Hadiza? Alhaji, Alhaji. Yanzu duk duniya babu sauran mai ce mini Kan Tarwaɗa."

Allah ya jiƙan Goggo Yagana, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Shi kuma ƙanin nata, Allah ya ba shi haƙurin rashinta. Amin.