Maiƙon Gwiwar Malam Gwadabe

A masana'antar kujerun roba da ke Sharada, babu injin da ya isa ya yi kuka Malam Gwadabe yana kusa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, bin injuna da gwangwanin giris. Duk wanda ya ce ƙiii, sai ya ɗura masa maiƙo ya yi shiru. A wurinsa duniyar ma haka take, duk abin da ke ƙara maiƙo ne bai ishe shi ba. Ko matarsa Uwani ce ta fara faɗa, tsire yake sayo mata.

A masallacin layinsu a Dorayi akwai fararen kujerun roba a ƙarshen sahu, na tsofaffin da ba sa iya durƙusawa. Gwadabe ya sa musu suna kwastomominsa. Yakan tsokani Malam Sule, tsohon direban tirela, ya ce, "Baba, wai salla kuke yi ko jira kuke a kawo shinkafar biki?"

Sule yakan ce, "Yi dai, ɗan nan. Taka kujerar tana cikin inji, ba ta huce ba tukuna."

Sai ga gwiwoyin Gwadabe sun fara ƙurus-ƙurus in ya tafi sujjada. Ciwon bai dame shi kamar kujerar nan ba. Shi dai a bar shi ya riƙa kai goshinsa ƙasa har ranar da za a kai shi gaba ɗaya. Uwani ta ja shi asibiti. Likitar ta ɗaga hoton ƙafar, ta nemi Hausar da zai gane.

"Baba, a taƙaice maiƙon gwiwarku ne ya ƙare, ƙashi yana gugar ƙashi."

Ta ci gaba da bayani, a rage ƙiba da zaƙi da lemon kwalba, a riƙa tattaki, domin kitsen ciki yana ƙara hura kumburin. Amma tun daga kan maiƙo Gwadabe ya rufe kunne. Ai an shigo fanninsa.

Ya sa aka riƙa malala masa man shanu a tuwo. Farfesun ƙafar saniya, ɓargo, kitsen da mai tsire ke warewa gefe, duk ya bi ta kansu. Tattakin da yake yi zuwa bakin titi ma ya daina, sai adaidaita sahu, don ba a tayar da injin da ba shi da mai.

Uwani ta ce, "Malam, ni fa ba haka na ji likita ta ce ba."

"Ke kin taɓa kwance inji?"

Maiƙon bai sauka gwiwa ba, a ciki ya yada zango. Da ya koma asibiti da tumbi a gaba, likitar ta tambaye shi abin da ya faru. Ya yi mata bayanin giris dalla-dalla. Ba ta yi dariya ba, wannan ne ya tsorata shi.

"Baba, abin da ya cinye ba ya dawowa. Za mu iya rage ciwon in kun rage nauyi. Amma lanƙwasa ta har ƙasa, sai haƙuri."

Bai haƙura ba, sai ranar da ya tafi sujjada a sallar La'asar, gwiwa ta ƙi ɗago shi. Aka sallame yana kife, mutum biyu suka kama shi ta hammata.

Washegari ya tarar an ƙara kujera ɗaya kusa da ta Sule. Ya juya ta, ga tambarin kamfaninsu a ƙasanta. Ya tsaya yana jiran tsokana, don ya ci bashinta. Sule ya share masa ita da hannun riga kawai, ya ce a hankali, "Ta huce. Zauna."

Da liman ya yi kabbarar sujjada, sahu duka ya zube ƙasa. Gwadabe ya sunkuya iya inda tumbin ya bar shi, goshi a iska, yana kallon gurbin da ya saba sa shi a kan tabarma.