Ranar Da Na Ci Hoce A Gaban Surukata

Ko da zan manta da komai a wannan sana'a tamu ta yawo da rubutu, ba zan manta da ranar da aka kai ni ƙofar gidan surukata da sunan baƙo, aka ce in ci abinci a gabanta ba.

A lokacin ina rubuta wani ɗan shiri a gidan rediyo, ina ba da labarin garuruwa da kasuwanni da abincin kowane wuri, don mutane su ji sha'awar zuwa. Sai aka shirya mana taron ƙara wa juna sani a Talata Mafara, mu marubutan tafiye-tafiye da jami'an tallata wuraren buɗe ido. Malamar da ta jagorance mu daga Jos ta zo. Hausarta ras, kuma ba ta da wasa. Tun ranar farko ta kafa mana doka: kada ka rubuta abincin da ba ka ɗanɗana ba, kada ka rubuta mutumin da ba ka kalli fuskarsa ba. Wanda ya karya, ba za a saurari rubutunsa ranar rufe taro ba. Ni kuwa shekara da shekaru ina neman irin wannan dama, in karanta aikina a gaban manyan sana'a.

Da ranar fita ta zo aka raba mu. Wasu suka nufi madatsar ruwa ta wajen Maradun, wasu suka shiga kasuwar Mafara, mu kuma ƙuri'a ta jefa mu Bakura, mu rubuta abincin gari, malamar ma ta biyo rukuninmu. Can fa na auro matata, amma na ce ai gari da girma. Muna shiga direbanmu ya ce in dai hoce ake nema, wannan gasasshen abincin dawa da muke ji da shi, akwai wata tsohuwa da babu na biyunta. Mota ta karya kwana, ta wuce masallaci, ta wuce bishiyar darbejiyar da na sha tsayuwa a ƙarƙashinta zamanin zance. Ina ta addu'a a zuci direba ya zarce, sai ga shi ya taka birki.

Inna ke nan, mahaifiyar matata. Lokacin da na je neman aure aka gaya mata aikina, cewa ta yi, "Yawo ai ba aiki ba na, ko akuya tana yi nai." Tun daga nan sunana a bakinta mai yawo. Ba ƙina take yi ba, Allah Ya sani, amma a ganinta 'yarta ta auri mutumin kirki da bai da sana'a, kuma abin yana ci mini rai. Ga kuma kunya irin tamu. Tunda nake ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalma in durƙusa.

Haka na yi ranar ma. Abokan tafiya suna fito da waya da na'urar ɗaukar murya, ni kuwa ina tsugune a bakin rumfarta, kaina a ƙasa.

"Inna, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau. Ina mutanen gida? Ina 'yan yara? Yau kuma yawon nan yab biyo da ku?"

Wani abokina Bakane da muke rukuni ɗaya ya dube ni, ya dube ta, nan take ya gano. Ya sunkuyo ya raɗa mini, "Yau ake yin ta, angon Bakura." Da ba a gaban Inna ba ne, da ya ji a jikinsa.

Inna ta karɓi baƙi hannu bibbiyu. Ta nuna musu kwaɓin garin dawa, ta nuna yadda take gasa shi, sannan ta marmasa wanda ya huce a babbar akushi, ta zuba ƙuli da albasa da yaji da mai, ta yi datu. Ƙamshi ya cika rumfa. Kowa ya wanke hannu ya sa, ana ta santi, Bakanen nan har da lumshe ido don ya ƙular da ni.

Malama ta juyo. "Kai fa, malam? Ba ka san doka ba?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, na san hocen nan, a gida ma ina ci."

"Ban ga ka ci ba. Matso."

In na ƙi, rubutuna ya sha ruwa. In na ci, kafin la'asar duk Bakura ta ji cewa mijin wance ya buɗe baki yana tauna a gaban surukarsa, kuma jikokina ma sai an yi musu gori da shi. Gaba kura, baya sayaki. Na buɗe baki in yi bayani, kunyar ma ta hana ni cewa surukata ce.

Inna ce ta fitar da ni. Ba ta dube ni ba, malamar ta duba. "Ɗiyata, wanga mijin ɗiyata na. Nan wurinmu suruki ba shi ci gaban suruka." Malama ta rufe baki da hannu, ta fara ba da haƙuri. Inna ta ɗaga mata hannu. "Tsaya. An ce ba shi ci gabana. Ba a ce ba shi ci bayana ba."

Ta ɗauki 'yar kujerarta ta juya, ta fuskanci katanga, ta ba mu baya. Ta ci gaba da juya hocenta a haka, tana magana da bango. "Ku ce ma mai yawo shi ci. In da abin da shika son tambaya, shi tambayi katanga, tana ji."

Rumfa ta ɗauki dariya, ni ma ban san lokacin da na yi ba. Na ci loma, na ƙara, na kuma ƙarawa. Sannan na tambayi katanga wa ya koya mata hoce, katanga ta ce kakarta. Na tambaye ta me ya sa nata ya fi na kowa, ta ce don ba ta gaggawar wuta. A wannan zama na ji labarin da ban taɓa ji ba duk tsawon aurena: da wannan hocen ta riƙe gida bayan rasuwar maigidanta, da shi matata ta yi makaranta.

Doka ta biyu dai ban cika ta ba, kuma ban ɓoye ba. Ranar rufe taro na fara karatuna da cewa ban san kamannin fuskar matar nan ba, amma na san hannayenta. Na rubuta tabon ƙuna a yatsunta, da bakin zanen da hayaƙi ya rina, da muryarta tana dawowa daga jikin katanga. Da na gama, malama ta ce daga yau dokarta ta sami togaciya, ban da surukai. Aka tafa, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Na sa labarin a shirina na rediyo. Bayan 'yan makonni matata ta je gida ta dawo da ƙunshi a leda, tana ta murmushi. Ta ce matafiya har tsayawa suke suna tambayar gidan tsohuwar da ke magana da katanga. Ta miƙo mini ƙunshin, hoce ne da ɗuminsa. "Inna ta ce a ba mai yawo, shi ci kahin shi hita aiki."

Na sa ta maimaita, ta maimaita. Aiki dai Inna ta ce.

Na halarci taruka da yawa bayan wannan, na tara takardun shaida har sun cika jaka, amma a rumfar Inna na koyi abin da na fi amfani da shi. Duk garin da ka shiga da alƙalami, kada ka tsallake al'adar mutane don ka sami labari. Ka durƙusa inda suke durƙusawa, su da kansu za su juya kujera su ba ka hanya.