Tsallen Steini a Kan Ƙanƙara

Ranar Talata, 19 ga Agusta, da ƙarfe goma da kwata na safe, Gerda ta kira ni ta ce mijinta, Steingrimur Bodvarsson, ya rasu. Yana gyaran shingen tumaki zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara sittin da bakwai. Sai da na rubuta lokacin a littafina sannan na yi kuka, kuma har yau ban tabbata hakan daidai ne ba.

Steini, na san a irin wannan rubutu yabo ake yi. Zan yabe ka, amma ka sani ina jin haushinka.

Shekara goma sha ɗaya muna hawa makeken tudun ƙanƙarar Vatnajokull tare, kai kana tuƙa motar ƙanƙara, ni ina gefe rungume da akwatin haɗa waya. Ban manta ranar da yatsuna suka sandare ba, na kasa haɗa zaren gilashin da ke cikin waya har sau huɗu. Ka buɗe rigarka ta sanyi ka tare mini iska minti arba'in, kana rera waƙar coci da muryar da ba ta taɓa bin hanya ba. Busasshen kifinka da man shanu kuwa, kullum ni ke cin rabi mafi girma. A kwarinku babu gidan da ba ka share wa hanya ba idan dusar ƙanƙara ta rufe ta, kuma kakan tafi kafin a fito yi maka godiya.

Rubutu ne kawai ba ka yi. Magatakarda kake kira na. “Rubuta, magatakarda, na yi atishawa ƙarfe biyu da rabi.”

A watan Mayu muka binne waya mai zaren gilashi, tsawon kilomita goma sha biyu, a saman dutse mai aman wuta da ke ƙarƙashin ƙanƙara. Na'urar da ke bukkarmu ta aiki tana tura haske cikinta, duk inda ƙasa ta motsa sai zaren ya nuna. Ba don ado aka yi ba. Idan dutsen ya narkar da ƙanƙara daga ƙasa, ruwan ta kwarinku yake bi, kuma gonarka ce ta biyu a hanyarsa. Ka fi kowa sanin haka, shi ya sa ka ja garmar binne wayar kwana uku ba ka yi ƙorafi ba.

Amma ka yi naka. Duk wurin da ka ga alamar ƙanƙara za ta tsage, sai ka tsaya ka naɗe rarar waya kamar gammo ka binne, don ta samu sakewa idan an ja ta. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Da Sunneva, masaniyar girgizar ƙasa da ke jagorantar aikin, ta ga mita ɗari huɗu sun ɓace a lissafi, ta tambaye ka inda suke.

Ka ce, “Gammo bakwai ne, suna nan a kaina.”

Ta ce, “Tsoho, kanka ba ya shiga kwamfuta.”

“Bari in gama yankan ciyawa, zan zana miki.”

Ni da nake rubuta yawan kofin da muka sha, ban matsa maka ba. Wannan laifina ne.

Kwana biyu kafin jana'izarka wayar ta tsinke. Duk ɓangaren da ke saman tafkin da zafin dutsen ya narkar a ƙarƙashin ƙanƙara ya kurmance. Na'ura ta ce a mita 8,340 ne, amma ita tsawon waya take aunawa, ba tsawon ƙasa ba, kuma ba mu san gammo nawa ke gaban wurin ba. Muka ƙiyasta. Kwana uku muna haƙa da shebur, ramuka tara, duk inda muka tarar da wayar lafiyarta ƙalau. Ga guguwar kaka na matsowa, wadda idan ta fara ba mai sake hawa sai bazara. A rami na tara na jefar da shebur na zage ka da sunanka, mako guda kawai bayan mun sa ka a ƙasa. Ka yafe mini. Ko da yake ban janye duka ba.

A wurin shan kofi na bayan jana'iza, Gerda ta tambaye ni, “Hjalti, wayar nan tana ji dai ko? Don tumakin za su sauko kwari.” Na ce mata e. Ƙarya na yi, kuma ita ce ta hana ni sakewa.

Ranar Alhamis na zauna ina karanta littafina na Mayu, ba don neman komai ba, kewarka ce kawai. Sai na iso 9 ga wata, ranar da ka bi layin wayar don gwaji. An ce ka buga ƙafa a wurare uku, ka sanar da ni ta oba-oba. Ga kaɗan daga abin da na rubuta: “11:40, yana tsalle bai sanar ba.” “12:05, ya sake. Na yi magana, ya ce ƙafarsa ce ke sanyi.” “12:50, wannan mutum zai kashe ni.” Na ƙirga ƙorafin nan sau uku don ban yarda da kaina ba. Bakwai ne.

Sunneva ta buɗo abin da na'ura ta naɗa a waɗannan mintoci, wanda tun tuni aka ware a matsayin hayaniya. A kowane ɗaya, waya mita hamsin ko sittin ta girgiza gaba ɗaya, sau uku. A kan gammo kake tsalle. Ashe ka rubuta, Steini, da ƙafarka, a cikin wayar. Amma me zai rage ka da ka buɗe baki ka faɗa?

Gammo huɗu ne kafin inda ta tsinke. Ranar Asabar muka haƙa rami na goma, muka same ta. Ba wanda ya tare mini iska, sai a karo na uku zaren ya kama. Da na rufe ramin na tsaya a kai na yi tsalle uku.

Sunneva ta ga girgizar a na'ura, ta yi magana ta oba-oba daga bukka, “Wane ne wannan kuma?”

Na ciro littafina. Na rubuta: 2:20.

Gerda, yanzu wayar tana ji, wannan karon gaskiya nake faɗa miki. Ke da 'ya'yanku, Bodvar da Audur, da jikoki, da mutanen kwari baki ɗaya, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Kai kuma Steini, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutu a inda ƙafa ba ta sanyi.

Hjalti Arnorsson