Rubutun da Na Yi wa Inna a Bukkar Gona

Jiya da hantsi matar jikana ta ɗora ganyen saɓara a wuta, za ta yi wa ɗanta wanka saboda ƙurajen zafi. Ina zaune a inuwa ina ɓarar gyaɗa, ban ma lura da abin da take yi ba, sai da tururin ya biyo iska ya same ni. Wanda ya san warin dafaffiyar saɓara ya san shi, ɗaci-ɗaci ne, yana kama maƙogwaro. Na ajiye gyaɗar. Yarinyar ta tambaye ni ko jikina ne, na ce mata a'a. Ban iya gaya mata ba a lokacin, amma kai da ka zauna, bari in gaya maka.

Ƙauyenmu yana ƙasar Yekuwa, gidaje kaɗan ne kewaye da rijiya ɗaya. Zamanin Faransa ne, kumandan, Baturen mulki, yana zaune a Magarya, mu kuwa ba mu taɓa ganinsa ba sai dai aikensa. Shekarar da nake ba ka labari, tun bayan girbi aka kwashi babana da wasu mazan garin zuwa aikin hanya, aikin dole, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Gidanmu ya rage daga inna, sai ƙanena da ke goye, sai gwaggo, yayar babana, sai kakana, mahaifinsu. Ni kuma ban wuce shekara takwas ba.

Kakana malami ne. A zaurenmu yaran garin suke karatun allo, maza zalla. Mu mata ana biya mana 'yan surorin salla da ka, amma ba a ba mu alƙalami. Idanunsa sun riga sun fara yana, yakan kai allo har bakin hancinsa kafin ya gane abin da yaro ya rubuta. Yana kirana amarya, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son tsoho.

Da rani ya yi nisa agana ta shigo garin. Manya ba sa kiran sunanta, sai su ce 'yan rani sun sauka gidan wane. Kakana ne ya fara sallamar yaran zaure, ya ce kowa ya zauna ɗakin uwarsa har Allah ya kawo sauƙi. Zauren da ba ya rabuwa da hayaniya ya koma sai akuya ke shiga. Ba a yi kwana bakwai ba ƙanena ya kama zazzaɓi, ƙuraje suka feso masa a fuska. Ranar ina gidan maƙwabta. Da na dawo, gwaggo ta tare ni a ƙofar gida, ta hana ni shiga. Ita ta yi agana tun tana ƙarama, fuskarta duk zanzana, an ce wanda ta taɓa kamawa ba ta sake kama shi, shi ya sa jinya ta faɗo kanta.

Inna ta leƙo ta kan darni, ta ce, "Bi kakanki. Kada ki ba shi wahala, kin ji?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ban ma amsa ba, haushi nake ji an hana ni ɗauko 'yar tsanata.

Gonarmu mai nisa tana da bukkar kara da ake fakewa da damina. Can kakana ya kai ni, yana dogara sanda, ni ina ɗauke da tukunya da tabarma, shi kuma ya rataya gafakarsa da allo ɗaya. Ka san gona da rani: ba komai sai kututturen gero da rairayi da saɓara, sai wani gawo babba tsakaninmu da gari. Wannan gawon ne ya zama iyakarmu. Kowace safiya gwaggo takan zo da fura ko tuwo, ta juye a ƙwaryarmu da muka bari a gindinsa, ba ta taɓa ta, sannan ta ja da baya sosai ta yi kira. Sai ta yi nisa nake zuwa in ɗauko. Ruwa kuwa ba ma shan na rijiyar gari. Akwai wata rijiyar makiyaya a bayan gona, can nake ɗebowa da ɗan tulu, kakana ya sa in tafasa shi da saɓara, mu sha, mu yi wanka da sauran. Kafin mu ci abinci sai mun goge hannu da toka. Yakan shafa goshina da wuyana da tafin hannunsa safe da yamma, ya sa in buɗe baki ya leƙa, alhali ba gani yake sosai ba.

Ban san mene ne kaɗaici ba sai a wannan bukka. A gida ban taɓa cin abinci ba tare da hannu huɗu ko biyar a ƙwarya ba. Nan kuwa daga ni sai tsoho mai jan carbi. Rana ta bazara takan tsaya a tsakiyar kai kamar ba za ta gusa ba, kurciya na kuka a kan gawo, ƙadangaru na bin kara. Idan iska ta juyo daga gari nakan ji daka. Na san dakan inna, tana da wani lugude da take yi, ta jefa taɓarya sama ta tafa sau biyu. Nakan zauna in kasa kunne. Da farko turame da yawa ke amsa juna, daga baya suka dinga raguwa, har wata safiya na ji turmi ɗaya tak, shi ma ba nata ba.

Ranar na tambayi gwaggo daga nesa. Ta ce inna ma ta kwanta.

Da azahar, kakana na gyangyaɗi, na sulale na nufi gari da gudu. Na wuce gawon, na yi nisa, sai na ji muryarsa. Na waiwaya. Ya fito ba sanda, ba takalmi, yana lalube cikin kututture, ya ma bi wata hanya daban, yana kira, ba amarya yake cewa ba, sunana na yanka yake kira. Sai na ga ya faɗi. Na tsaya tsakanin gari da shi, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Daga ƙarshe na koma. Ƙafafunsa duk ƙaya, gwiwarsa na jini. Na zauna ina cire masa ina kuka, ina jiran duka. Bai dake ni ba.

"Kina son ki taimaki uwarki?" in ji shi.

Na ce e.

"To, rubutu take bukata ta sha. Idona ya ƙi. Hannunki zan ara."

Washegari ya sa na yayyafa ruwa a rairayin ƙofar bukka, ya share wurin da tafin hannu. Ya kama yatsana ya ja: ba, sin, mim. Manya-manya nake yin su, kowane baƙi kamar faɗin faifai, shi kuma ya bi ramin da yatsansa, ya ji ko ya tafi daidai. In na karkace ya share, ya ce sake. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, shi da na sha jin yana yi wa yaran zaure tsawa. Muka kankare baƙin gindin tukunya, na tsinko ƙaro a jikin wata ƙaya, muka dafa tawada. Ya fiƙe mini alƙalamin gamba da lalube, har ya yanki yatsa. Na yi kwanaki a rairayi kafin ya yarda in taɓa allo.

Ranar da na rubuta Bisimilla ta farko a allo, ya fita da shi rana, ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Amarya, ashe asara na yi da na bar ki a bayan zaure." Na wanke rubutun a ƙoƙo, na kai gindin gawo. Gwaggo ta juye a nata, ta tafi da shi tana tafiya a hankali kada ya zube.

Daga nan ranakuna suka samu abin yi. Da sassafe in ɗebo ruwa, in rubuta, in wanke, in kai. Da hantsi sabon baƙi. Da yamma ya biya mini, in biya masa. Na gama Fatiha, na shiga ƙananan surori. Na daina kasa kunne ga turmi, don na san mai ciwo ba ta daka. Kullum nakan ɗaga murya in tambayi gwaggo, "Ta sha?" Ita kuma ta ce, "An sha." Wata safiya ta ce in koma bukka in turo kakana. Na hango su, shi a wannan gefe, ita a wancan, ta rufe fuska da gyale. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce maganar hatsi ce. Bai sha furar ranar ba. Ya ce in ɗauko allo.

Bazara ta kusa ƙarewa sai masu lamba, wato masu rigakafin agana, suka zo daga Magarya, mutum biyu da akwati a kan doki, da wani gardi, dogarin kumandan. A da in an ji zuwansu mata kan ɓoye 'ya'ya a rumbu. Wannan karon kakana ya aika aka ce musu akwai mutane a gona. Suka zo har gindin gawo. Shi ya fara miƙa dantsensa, sannan ya riƙe ni aka tsaga mini nawa. Wurin ya kumbura, na yi zazzaɓin kwana biyu, yana zaune a kaina yana fifita da faifai. Da ɓawon ya faɗi, ruwan farko ya sauka, gwaggo ta ce ciwo ya lafa, an ƙone shimfiɗu, an share ɗakuna, mu dawo.

Na naɗe tabarma tun kafin kakana ya idar da salla. Muna isa gindin gawo ya ce in tsaya. Ya zauna a kan saiwa, ya kamo hannuna.

"Uwarki ta riga mu gidan gaskiya," in ji shi. "Yau kwana ashirin da uku."

Ban gane ba da farko. Na ce ai jiya ma na yi mata rubutu.

"Ƙanenki ke sha. Yana nan da rai."

"Kaka, ka sani kake sa ni?"

"Na sani. Da na faɗa miki, da kin ruga gari, ni kuma ba ni da ƙafar kamo ki."

Na fizge hannuna. Ni kaɗai na shiga gari, na bar shi yana lalube a baya. Ɗakin inna an fitar da komai, an zuba sabon rairayi. Ƙanena yana bayan gwaggo, ya rame, fuskarsa ta cika da tabo, bai gane ni ba, da na miƙa hannu sai ya fashe da kuka. Ba a nuna mini kabarinta ba. Gwaggo ta ce an binne mutane da yawa a kwanakin, ita kanta ba za ta iya cewa ga shi ba. Babana ya dawo ana noman farko, ya tsaya a tsakar gida da ƙunshinsa a kai, aka gaya masa.

Duk daminar nan ban yi wa kakana magana ba. In kai masa abinci in ajiye in juya. Ya ce amarya, in yi kamar ban ji ba. Yaran da suka rage suka dawo zaure, ba su kai rabin na da ba. Allona yana jingine a bango, ya hana kowa ɗauka. Sai da lokacin girbi ya yi, idonsa ya rufe gaba ɗaya, na ji wani yaro yana karanta masa rubutu ba daidai ba, shi kuwa ba ya gani balle ya duba allon. Na shiga, na karɓa, na gyara. Ba wanda ya ce mace ba ta shiga zaure. Tun daga ranar ni ce idonsa, har shekara biyu da ya ƙara a duniya. Mun koma hira, mun koma wasa, amma maganar gindin gawo ba mu sake tayar da ita ba, daga ni har shi.

Abin da ya koya mini shi na koya wa 'yan matan unguwa a gidan aurena, shekara da shekaru. Ƙanena ya girma, ya yi 'ya'ya da jikoki. Har ya tsufa yana tambayata kamannin inna, ni kuma ina faɗa masa, har na daina sanin wanne na gani da idona, wanne na ƙara don in faranta masa. Shi ma ya rasu shekaran bara.

Yanzu yaran gidan nan ba su san agana ba, ko sunanta. Suna ganin tabon dantsena su ce ƙuna ce. Kwanakin baya da aka rufe lakwal, makarantar boko, saboda wata cuta, suna zaune a gida da littattafansu, uwarsu na bin su da sabulu, ubansu yana Kano amma kullum sai sun ji muryarsa a salula. Nakan kalle su in ce, da a ce akwai wannan abu a lokacinmu, da na ji muryar inna ko sau ɗaya daga bukkar nan. Sai kuma in tuna, da akwai shi, da ba wanda ya isa ya ɓoye mini mutuwarta ko na yini guda, da na ruga gari, da wataƙila ba ni ce zaune a nan ba. Ban san wanne ya fi ba.

Sai da na haifi nawa, na yi jinyarsu, na gane nauyin da tsohon nan ya ɗauka shi kaɗai, kwana ashirin da uku yana sauraron yarinya tana tambaya ko uwarta ta sha. Lokacin ya daɗe a ƙasa. Ban taɓa ce masa na yafe ba, shi ma bai taɓa roƙo ba. Yanzu na wuce shekarunsa. Kowace asuba in na idar da salla ina yi wa mamatana addu'a, da shi nake farawa, kafin inna.